Ƙwaya Biyar-Biyar a Unguwar Ɗorawa

Kafin Badamasi Yako ya zama Sanata, shekara goma sha tara ya yi a tsaye bayan kanta a Ƙafin Maiyaƙi, cikin wata farar riga da maɓallinta bai taɓa haɗuwa a kan tumbinsa ba. Ya karanto ilimin haɗa magunguna a Zariya, aka yi masa tayin aiki a Legas da Kaduna, ya ce a kai kasuwa. Ya dawo ya buɗe kemis kusa da tasha, tsakanin mai faci da mai shayi. Dangi suka ce karatu ya taɓa masa kai.

Ba shi da daɗin ciniki, wannan kowa ya sani. In ka je ka ce a ba ka kafson ja-da-yalo guda biyu, ba zai ba ka ba. Ko ka ɗauki na kwana biyar cif, ko ka kama gabanka. Mutum ya fita yana ƙunƙuni, mako ya zagayo sai ga shi ya dawo da matarsa. Da haka sunansa ya game Kiru da Bebeji, ya gangara Tudun Wada, ya haura har Doguwa. Da 'yan siyasa suka rasa wanda za su tsayar ba a yi masa ihu ba, sai suka zo da manyan riguna suka cika masa benci. Sau biyu yana ƙi. Kafin su dawo na uku, wata mai jego ta cika a cikin motar haya a ƙofar shagonsa, don a garinsu an rasa allurar tsayar da jini. Ranar da suka dawo bai bari sun gama gaisuwa ba ya ce ya yarda.

A Abuja ya yi abin kirki, kada a ci haƙƙinsa. Ya tsaya kai da fata a kan masu shigo da jabun magani, har wasu suka daina amsa masa sallama. Amma Abuja ta iya cin mutum a hankali. Cikin shekara uku ya koyi amsa waya biyu a lokaci guda, ya kuma koyi cewa "yi yadda ka ga ya dace" tun mai tambaya bai kai ƙarshen tambayarsa ba.

Wannan maganar ce ta jawo abin da ya faru a Unguwar Ɗorawa, wani ƙauye da ke bayan Ɗansoshiya.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya fara kwantar da mutane, Badamasi ya samo mota guda ta magunguna don ƙananan asibitocin yankin. Da hannunsa ya rubuta abin da za a kai kowanne. To amma akwai Mujitaba, mai riƙe masa harkar siyasa a gida, mutumin da zai iya gaya maka yawan ƙuri'un kowace akwati ko daga barci ka tashe shi. Saura wata biyu zaɓen fidda gwani. Mujitaba ya duba ya ga in aka zuba magani a asibiti, wa zai san daga ina ya fito? Sai ya sa aka buga leda mai hoton Sanata yana murmushi, ya kira shi ya ce yana so a bi ta hannun masu unguwanni, kamar yadda ake yi da taki da shinkafa. Lokacin Badamasi yana sauri zai shiga zaman kwamiti. Ya ce masa ya yi yadda ya ga ya dace.

Ranar Alhamis da safe yana gidansa na Bebeji, an zo hutun majalisa, ya zauna gaban koko da ƙosai, waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Yallaɓai, sunana Baturiya, ni ce nas a asibitin sha-ka-tafi na kusa da Unguwar Ɗorawa. An kawo mini wani manomi, Malam Sabo, an tsince shi a cikin masara yana gumi, ba ya gane kowa. Na auna sugansa, ya faɗi ƙasa warwas. Na ba shi ruwan suga, ya farfaɗo. Amma Yallaɓai, ba shi da ciwon suga. Maganinka ya sha."

"Maganina kuma?"

"Na cikin leda mai hotonka. Jiya da la'asar Mai Unguwa ya raba gida-gida. An yanka katin da almakashi, rabin sunan kawai na gani."

Ta karanto masa haruffan da suka rage. Tun ba ta gama ba ya gane shi. Ya san maganin kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. 'Yar farar ƙwaya ce ta masu ciwon suga, ba ta da maraba da ta ciwon kai a idon wanda bai sani ba. Mai lafiya ya sha biyu da yunwa a cikinsa, zai iya kwanciya ya ƙi tashi.

"Gida nawa?"

"Duk garin, Yallaɓai."

Ya bar kokon nan a inda yake. A mota ya kira Mujitaba ya ce a tsayar da sauran kayan da za a raba ranar Asabar, ko kwali ɗaya kada ya fita daga sito, shi kuma ya same shi a Unguwar Ɗorawa yanzu-yanzu.

Mai Unguwa Mudi dattijo ne ɗan siriri mai farin gemu, kuma duk ƙasar Kiru an yi masa shaidar abu ɗaya, wato adalci wajen rabo. In gwamnati ta aiko da buhun taki bakwai ga gida ɗari da ashirin, zai sa a kwance buhunan a auna da kwano, gidan limami da gidan bazawara duk ɗaya. Rugar Fulanin da ke gefen gari ma da ita yake lissafi, don ya ce ruwa ɗaya ake sha. Shekara talatin ba a taɓa kai ƙararsa wajen dagaci ba. Da katan-katan na magani suka iso, sai ya yi abin da ya iya. Ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ya aro almakashin tela, ya sa aka yanka kowane kati gida biyu. Kowace leda ta samu kaɗan daga kowane iri. Farar ƙwayar nan kuwa, biyar-biyar ta kama.

Da motar ta iso, Mudi ya fito tarbar Sanata da fara'arsa, yana jiran a yaba masa. Badamasi ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, duk da zuciyarsa tana tafasa. Sannan ya ja shi cikin zaure ya gaya masa. Yana kallo fuskar dattijon ta canja. Mudi ya dafa bango ya zauna a ƙasa, ba a kan buzunsa ba.

"Innalillahi. Wato da hannuna na raba wa mutanena ajali."

"Ba kai ba ne, Baba. Kai rabo aka ba ka, ka yi rabo."

Ana haka Mujitaba ya shigo yana haki, hula a karkace. Da ya ji bayani sai ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, a bi abin nan a hankali. A tura mata su shiga gida-gida, a ce za a canja musu da wanda ya fi kyau. Kada a ambaci haɗari. In maganar nan ta fita, kafin azahar tana gidan rediyo, gobe abokan hamayya sun yi mana waƙa. Mai kemis ya raba guba! Kuma ka san mutanenmu, a ba da kyauta a dawo a karɓe, har jikoki sai sun ji labari." Ya saci kallon Mai Unguwa, ya ƙara rage murya. "In ma ta fito, ai ba mu muka riƙe almakashi ba."

Sai a faɗi gaskiya, Badamasi bai amsa nan take ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, kujerar nan ta Abuja ta gilma masa, da dokar hana jabun magani da yake so ya ga ta wuce kafin ya bar majalisa. Shawarar Mujitaba ba ta wauta ba ce, shi ya sa take da daɗin ji. Amma ya auna: mata su bi gida ɗari da ashirin suna gaisuwa suna shan ruwa, sai la'asar. Yanzu hantsi ne, lokacin da masu noma ke dawowa da ciwon jiki suna neman abin haɗiya. Ya ji kunyar kansa ta kama shi.

"Baba, lasifikar masallaci tana aiki?"

"In an tayar da janareta."

"A tayar."

Mujitaba ya kama hannun rigarsa. Badamasi ya zare hannun ba tare da ya dube shi ba.

Mutanen Unguwar Ɗorawa sun saba jin kiran salla da sanarwar rasuwa daga lasifikar nan. Ranar sai suka ji wata murya mai kauri tana sallama.

"Jama'a, Badamasi ne, mai kemis na Ƙafin Maiyaƙi, wanda kuka tura Abuja. Maganin da aka raba muku jiya, kada kowa ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. A ciki akwai wanda zai iya kashe mai lafiya. Mai Unguwa ba shi da laifi. Ni ne na aiko da shi ta hanyar da ba ta dace ba, kuma ni na fi kowa sanin bai kamata ba. Ku yafe mini. Ku kawo mini ledojin nan gindin ɗorawa. Duk wanda ya riga ya sha, a ba shi suga ko zuma ko kunu mai zaƙi yanzu, a kawo shi wurin nas."

Sau uku ya maimaita. Sannan ya fito ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya zauna a tabarmar da aka yi rabon jiya.

Da farko ba wanda ya motsa. Mutane suka taru nesa-nesa suna kallo. Wani mai faskare ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Wato mai tsadar ne kuka gane ya faɗo hannun talaka, za a mayar wa 'yan birni!" Aka yi dariya, wasu suka ce ƙwarai kuwa. Badamasi bai yi fushi ba, don ya san ba a banza mutane suka koyi irin wannan zato ba. Ya aika aka ɗauko Malam Sabo a bayan babur, aka zaunar da shi a gefensa, jiki duk ya saki. Malam Sabo ya ce shi dai ya san ya haɗiyi biyu ya ɗauki fartanya, sai farkawa ya yi ya ga silin.

Wata tsohuwa ce ta fara matsowa, ta kwance bakin zaninta ta ajiye leda. Daga nan sai layi. Badamasi yana zazzage kowace leda a kan faranti, yana ware farar ƙwayar da bakin cokali, yana tambaya wa ya sha, ƙarfe nawa, ya ci abinci ko bai ci ba. An samu mutum shida da suka sha, duk aka tura su wurin Baturiya da kofin ruwan suga a hannu. Mai Unguwa yana tsaye a kansa yana kiran gidaje da ka, daga gabas zuwa yamma, bai tsallake ko ɗaya ba. Mujitaba ma da ya ga ba sarki sai Allah, ya naɗe hannun riga ya kama ƙulle ledoji.

Wajen sha ɗaya da rabi layi ya ƙare. Mudi ya sake ƙirga gidajen yana motsa baki, sannan ya ɗago.

"Saura gida ɗaya. Saude, ta ruga."

Aka tura babur. Ya dawo da mummunan labari. Saude ta fita tun asuba zuwa ƙasar Doguwa, wajen 'yarta Hamdiyya da ta haihu kwana huɗu da suka wuce. An aiko cewa mai jegon tana fama da ciwon kai. Saude ta ƙulle man shanu da dawa, ta ɗauki ledar magani gaba ɗaya ta tafi da ita.

Saude ba ta da waya. Aka samo lambar mijin Hamdiyya, aka kira har sau goma, ba ta shiga, don rugarsu tana cikin duwatsu. Ba wanda ya san hanyar sai Mai Unguwa, shi ya raka amarya shekara shida da suka wuce.

"Baba, za ka iya tafiyar?"

Mudi ya jawo takalminsa.

Mujitaba ya tuna masa cewa ƙarfe biyu shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi huɗu suna jiransa a Bebeji, kuma irin mutanen nan ba a barinsu su jira. Badamasi ya ce ya je ya ba su abinci, ya gaya musu gaskiyar inda ya tafi.

Suka hau titi. Dawa da masara sun rufe gefen hanya kore shar, kwalta duk ramuka cike da ruwan daren jiya, direba yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan. A Tudun Wada Badamasi ya sa aka tsaya, ya sauka da kansa ya sayi suga da lemon kwalba. Mai shagon ya gane shi, ya fara kiran maƙwabta su zo ga Sanata, kafin su fito mota ta yi gaba. Suka ratsa dajin Falgore. Mudi yana jan carbi. Badamasi yana kallon agogo yana lissafi a zuci: in Saude ta isa da hantsi, in ta ba ta da isarta, to yanzu maganin yake kan ganiyarsa. Mace mai jego, ta zubar da jini, tana shayarwa, ga wankan ruwan zafi safe da yamma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar ƙidayar ƙuri'a.

Can sai Mudi ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Ni na ce a sa ruga a cikin rabon. Wasu suka ce a bar su, na ƙi."

"Ka yi daidai, Baba. Gobe ma in an kawo taki ka sa su."

"To wannan fa?"

"Wannan ba kayan rabo ba ne. Magani mutum ɗaya ake ba wa, bayan an dube shi. Aikina ke nan tun ina saurayi, na bari ya suɓuce mini."

Bayan sun wuce dajin suka saki kwalta suka bi burji, daga burji suka bi turbar shanu, har mota ta zo bakin wani rafi ta ce ba ta san zance ba. Suka tuɓe takalma suka tsallaka da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Dattijo na gaba, Sanata na biye da leda a hannu yana numfashi kamar an koro shi.

Tun daga nesa suka ji koke-koken mata. A ƙofar wata bukka an taru, hayaƙin turare yana fita ta saman ciyawa. Mijin Hamdiyya, wani dogon saurayi da sanda a kafaɗa, ya gane Mai Unguwa ya zo ya durƙusa. Ya ce tun bayan hantsi take rawar jiki tana gumi, ta fara surutai, yanzu kuma ta yi shiru. Tsofaffi sun ce iska ce ta shafe ta a wurin wanka, an aika a kira mai ruƙiyya.

Namiji baƙo ba ya shiga ɗakin mai jego, ko a gari balle a ruga. Mudi ya dubi saurayin ya ce, "Wannan likitan magani ne. Ni na kawo shi, a wuyana. Ka ba shi hanya." Saurayin ya ɗaga asabari.

Cikin bukkar duhu da zafi. Hamdiyya tana kwance a kan gadon kara, zufa ta jiƙa ta sharkaf, hannunta sanyi ƙalau. Wata mata mai tsagen goshi tana riƙe da kanta tana kuka ba sauti. Ita ce Saude.

"Inna, nawa ta sha?"

Saude ta ɗaga yatsu biyu.

"Ta ci wani abu?"

"Ta ƙi cin komai tun safe."

Badamasi ya kira sunan yarinyar, ya murza mata ƙashin ƙirji, ta ɗan yi nishi. Ba za ta iya haɗiya ba, in aka ɗura mata lemo shaƙewa za ta yi. Ya ce a fitar da garwashin turaren, a ɗage asabari iska ta shigo, a kawo zuma in akwai. Aka kawo a 'yar ƙwarya. Ya juya ta a kan gefenta, ya lakato zumar da yatsa ya shafa mata a cikin kumatu da dasashi, kaɗan-kaɗan, yana murzawa. Ya jira. Ya sake shafawa. Jaririya tana ta tsala kuka a hannun wata tsohuwa. A waje ana jin muryar Mudi yana salati.

Minti goma aka yi, ko sha biyar, shi dai ya ji kamar wuni. Sai fatar idonta ta motsa. Ta lashi leɓe. Ta buɗe ido ta dubi wannan ƙaton baƙo mai furfura da ke durƙushe a gabanta, ta jawo mayafi ta rufe kanta.

"Inna, wane ne wannan?"

Bukka ta kaure da kabbara. Badamasi ya zauna daɓas a ƙasa. Da ta iya riƙe kofi ya ba ta lemon tana kurɓa a hankali, aka dama fura da nono da suga ta sha. Matan suka ce shi ke nan, an gode Allah. Ya ce ba shi ke nan ba, maganin nan yana daɗewa a jiki, zai iya sake kayar da ita kafin gobe, dole sai asibiti. Aka ɗauke ta a kan gadon karan aka tsallaka rafi da ita, Saude na biye da jaririya a goye.

La'asar sakaliya ta same su a asibiti a Tudun Wada. An sa wa Hamdiyya ƙarin ruwa, an duba jaririya an ce lafiyarta ƙalau, likita ya ce za su kwana biyu ana auna ta. Wayar Badamasi ta dawo da rai tun a hanya, kira yana shigowa kan kira. Mujitaba ya ce labari ya riga ya kai rediyo, shugabanni biyu sun tashi sun tafi cikin fushi, sauran sun ce za su jira shi ko zuwa yaushe ne. Me za a gaya wa 'yan jarida? Badamasi ya ce a gaya musu abin da ya faru yadda ya faru. Sauran maganin kuma asibitoci za a kai, kamar yadda aka rubuta tun farko, kuma ranar Asabar shi da Baturiya za su zauna a Unguwar Ɗorawa su duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe wayar ya sa a aljihu.

Ya shiga ɗakin ya tsaya daga bakin ƙofa, wando jiƙe da laka har gwiwa. Saude ta taso ta kwance bakin zaninta, ta zuba masa ƙwaya uku a tafin hannu.

"Inna, ki yafe mini. Saura kaɗan na raba ki da 'yarki."

Saude ta daɗe tana dubansa. Hausarta tana da ɗan karkacewar Fillanci.

"Ni ban iya karatu ba. Da na ga fuskarka a jiki, na ce wannan ai mai kemis ne, wanda ya hana ni maganin tari shekarun baya ya ce in kai yaro asibiti. Na ce abin da ya fito daga hannunsa ba ya cuta. Shi ya sa ban tambayi kowa ba."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa, bai share ba. Mudi da ke zaune a benci ya kawar da fuska.

Sai ga wata siririyar murya daga kan gado. Hamdiyya ce, ta gyara wa jaririya kwanciya a gefenta, tana magana a kunyace, idonta a ƙasa.

"Baba, kan nawa fa har yanzu yana ciwo. Me zan sha?"

Ya dube ta. Ga likita a ofis, ga nas-nas suna kai da kawo, amma shi ta tambaya, shi wanda maganinsa ya kusa kai ta kabari ɗazun nan. Ya zuba ƙwayoyin uku a aljihu, ya jawo kujera kusa da gadon ya zauna, ya roƙi nas ta kawo abin awon jini.

"Ba za ki sha komai ba tukuna, 'yata," ya ce. "Fara gaya mini, tun yaushe ya soma?"